Kujerar Mudir, Albashin Malamin Aji: Wata 14 Ina Riƙon Ƙwarya a Gadarif

Ranar da aka miƙo mini makullan makarantarmu ba a yi taro ba, ba a kuma rubuta ko harafi ɗaya ba. Mudirinmu dattijo ne mai fama da ciwon suga. Ya kira ni ofis bayan azahar, ya zaro ɗaurin makullai daga aljihun jallabiyarsa, ya ajiye kan tebur tare da hatimin makaranta, ya ce, "Ustaz, riƙe mini waɗannan kwana biyu, in je in ga likita in dawo." Na ce, "Allah Ya ba da lafiya, Baba." Wakilinsa, wanda a ƙa'ida shi ya kamata ya karɓa, tun farkon yaƙi ya fita da iyalinsa. Kwana biyun nan sai da suka zama wata 14.

Da na koma gida na faɗa, Inna ta rangaɗa guɗa. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, wai ɗanmu ya zama mudir. Dattawa suka riƙa tare ni a ƙofar masallaci suna sa albarka. Ban ga laifinsu ba. Mu Hausawan Gadarif an san mu a gonar dawa da riɗi, an san mu a kasuwa da makarantun allo, amma a kujerun ofis ba mu da yawa. In ɗaya ya hau, kowa ji yake kamar shi ne ya hau. Ni ma kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa ban yi tambayar da ta kamata in yi a ranar ba: ina takarda?

Abin da na riƙe

Wannan ya faru ne ana dab da shiga Disamba 2023. Makarantu a rufe suke tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, har hukumar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Na ɗauka riƙon makarantar da babu ɗalibai ai gadi ne kawai. Ashe ban sani ba.

Cikin watan Wad Madani ta faɗi, mutanen Jazira suka kwararo Gadarif a manyan motoci, wasu a ƙafa. Makarantu suka zama masauki, tamu ma ba a bar ta ba. Kowane aji iyalai uku ko huɗu, an raba da zannuwa. A ƙarshen Yuni 2024 Sinja ta faɗi, wani ayarin ya sake zuwa, ga damina ta sauka, ga laƙar Gadarif da kowa ya san halinta, wadda ke cire wa mutum takalmi. Ni ne mai lissafin mutane in ƙungiyoyin agaji sun zo. Ni ne mai neman tankar ruwa. Masai ya cika, a nemo Ustaz. Mace ta fara naƙuda ƙarfe biyu na dare, a buga wa Ustaz. Mutum biyu sun yi faɗa kan inuwar bishiya, a kai wa mudir. A kwalejin horon malamai an koya mana shirya darasi da riƙe aji, babu wanda ya koya mana wannan.

Da aka fara maganar buɗe makarantu kuma sai wani aikin ya taso: lallashin baƙi su koma inda aka tanadar musu, neman yaran da suka bazu gonaki da kasuwa, tattaro malamai, tsara jadawali da rabin ma'aikata. Duk tsawon lokacin nan, a watannin da albashi ya samu shigowa, abin da nake gani a Bankak shi ne dai na malamin aji. Ko fam ɗaya bai ƙaru ba.

Tambayoyi biyu

Wata rana kwamitin ƙidayar kaya ya zo daga ofishin da ke samanmu. Suka ƙirga benci, suka ga da yawa babu. Wasu sun karye, wasu kuwa gaskiya an yi girki da su a kwanakin da gawayi ya gagari mutane, kuma ban iya hana uwa dafa wa 'ya'yanta abinci ba. Shugaban kwamitin ya ɗago kai ya ce, "Wa ke riƙe da makarantar?" Na ce ni ne. Ya turo takarda ya ce in sa hannu, in kuma rubuto bayani.

Bayan sati biyu na je ofishin nan da kaina, na ce tunda ni ke riƙe da makarantar, ina neman alawus na riƙo. Ma'aikacin ya karɓe ni da fara'a, har ya sa aka kawo mini shayi. Sannan ya ce, "Ustaz, ina takardar taklifinka?" Na ce mudir ne ya ba ni da baki. Ya buɗe hannuwa. "To a fayil ɗinka kai malamin aji ne. Ni da fayil nake aiki."

Da za a tuhumi wani kan benci, ni ne mudir. Da aka zo maganar kuɗi, na koma malamin aji. Na fito ina jin haushinsa, amma kafin raksha ta kai ni gida na gane mutumin bai yi ƙarya ba. Babu inda sunana ya shiga.

Yadda abin yake a ƙa'ida

Daga nan na shiga tambayar tsofaffin ma'aikata, na fahimci abin da ya kamata in sani tun ranar farko. Aikin gwamnati a Sudan yana ƙarƙashin dokar ma'aikata ta 2007 da ƙa'idojinta, kuma albashi yana bin daraja ne. Darajojin suna tafiya daga ta 17 a ƙasa zuwa ta 1 a sama, mai digiri yana shiga daga ta 9. Kuɗinka yana ɗaure da darajarka, komai nauyin da aka ɗora maka. Saboda haka in an ce ka riƙe aikin na sama da kai, albashinka ba ya motsi da kansa.

Don toshe wannan giɓi ne tsarin aiki a ƙasashe da yawa ya tanadi kuɗin riƙo, wanda a Larabce ake ce wa badalul inaba. Galibi lissafinsa shi ne bambancin da ke tsakanin albashinka da farkon albashin kujerar da ka riƙe. Galibi kuma yana da sharuɗɗa: sai mai ikon naɗi ne ya ba ka riƙon a rubuce, sai ka ɗauki aikin gaba ɗaya, sai riƙon ya wuce wasu kwanaki da aka ƙayyade, kuma yana tsayawa ranar da mai kujera ya dawo. Riƙo ba ya nufin an ƙara maka girma. Amma takardarsa tana zama a fayil, kuma ranar da za a zaɓi mudir na dindindin ita ce za ta yi magana a madadinka.

Malaman makarantu masu zaman kansu su kuma dokar ƙwadago ta 1997 ce ta shafe su, wadda ta ce kwangilar aikin da ta wuce wata 3 a rubuta ta. Nawa ne cikinmu suka taɓa karanta tasu? In kwangilarka ta ce kai malamin lissafi ne, aka wayi gari kai ne mai karɓar kuɗin makaranta, kai ne mai sa ido kan malamai, to aiki ya canja, ya kamata takarda ma ta canja.

Ba ni kaɗai ba ne

Kalmar mukallaf, wato wanda aka ɗora wa riƙo, ta zama ruwan dare a ƙasar nan. Bayan Abdalla Hamdok ya ajiye aiki a Janairu 2022, Usman Husain ya riƙe ofishin firaminista a matsayin mukallaf fiye da shekara 3, ministoci da yawa su ma riƙo suke yi, sai a Mayu 2025 aka naɗa Kamil Idris. In sama haka take, ina ga ƙasa? A fannin ilimi kuma, da aka dawo da matakin mutawassiɗa bayan sauyin tsarin karatu na 2020, an bukaci sababbin shugabanni da wakilai, kuma abokan aikina da dama da riƙo suka fara. Yaƙi ya zo ya ƙara: wani ya yi hijira, wani ya yi ritaya, wani ya rasu, sai a duba wanda ke kusa a ce riƙe.

'Yan'uwanmu na Najeriya sun san wannan darasi. A Nuwamba 2009 marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya tafi jinya Saudiyya ba tare da takardar miƙa mulki ga majalisa ba. Mataimakinsa Goodluck Jonathan yana nan, amma bai zama muƙaddashi ba sai ranar 9 ga Fabrairu 2010, da majalisa ta zartar da ƙuduri. Ƙasa guda ta yi wata biyu da rabi tana jiran takarda. To ina ga malamin makaranta a Gadarif?

Wani zai ce, Ustaz, albashin ma gaba ɗaya nawa ne da za ka tsaya kan bambanci? Gaskiya ne. A 2020 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga fam 425 zuwa 3,000, a 2022 ya koma 12,000, kuma a ƙarshen shekarar nan Kwamitin Malaman Sudan ya shiga yajin aiki yana neman a kai shi 69,000. Kafin yaƙi dala tana wajen fam 600, cikin 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Kuɗin riƙon da na rasa watakila ba zai sayi buhun dawa a wata ba. Amma a gidan da ake auna sukari da cokali, ko kuɗin raksha abin lissafi ne. Sannan hasarar ta fi ƙarfin kuɗin: wata 14 na aiki mafi wuya a rayuwata ba su cikin fayil ɗina.

Kunya da girma

Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana ni neman takarda. Na farko kunya. Dattijo marar lafiya ya ba ka amana, ka ce sai ya rubuta? A tarbiyyarmu wannan kamar rashin ɗa'a ne. Na biyu girma. An kira ka mudir, an ba ka kujera a gaba wurin taro, sai ka ji kamar an biya ka. Na uku kuwa, wanda ba mu cika faɗa a fili ba, tsoro ne kada a ce Bahaushen nan an ba shi dama ya fara maganar kuɗi. Wanda ya saba ana tambayarsa asalinsa yakan yi ta ƙoƙarin nuna shi ba mai matsala ba ne, har ya bar hakkinsa.

Na kai wannan damuwa wajen limaminmu. Ya ce, "Ɗana, a fiƙihunmu na Malikiyya ijara ba ta inganta sai an san aiki an san lada. In kuma mutum ya yi aikin da aka saba biya ba a yanke masa lada ba, ana duba ladan irinsa. Hadisin gumin ɗan ƙwadago kuwa ko yaran allo sun san shi. Wanda ya yi sadaka da aikinsa da saninsa Allah Ya ba shi lada. Amma kai sadaka ka yi niyya, ko kunya ce ta rufe maka baki?" Ban ba shi amsa ba, don ya riga ya sani.

Abin da nake gaya wa na baya

Mudirinmu bai dawo aiki ba, ritaya ta same shi yana jinya. Aka turo sabon mudir daga wata makaranta, mutumin kirki, da takardarsa a hannu. Na miƙa masa makullai da hatimi, wannan karon a rubuce, da shaidu biyu. Na koma ajina. Inna ta tambaye ni ko laifi na yi aka sauke ni, na ce a'a Inna, dama aro ne.

Ga wanda aka ce ya riƙe, ga abin da na koya. Ka karɓa, don makaranta ba za ta zauna babu mai kula ba. Amma cikin satin farko ka rubuta wa ofishin da ke samanka cewa daga rana kaza kai ke riƙe da aiki kaza, kana neman takardar taklif, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Ka tabbata takardar ta faɗi kujerar, da ranar farawa, da wanda ya ba da umurni. Kada ka karɓi kaya sai an ƙirga a gabanka. Ka tambayi sashen ma'aikata, a rubuce, abin da ƙa'ida ta tanadar wa mai riƙo. In riƙo ya yi tsawo, ka sake rubutawa: ko a tabbatar da kai, ko a kawo mai kujera. Majalisar iyaye ma tana da rawar takawa. Dattawan da ke sa mana albarka a ƙofar masallaci, in biyu daga cikinsu suka raka malami ofis, maganarsa takan fi nauyi.

Watan jiya wata malama 'yar unguwarmu ta zo gaishe da Inna, ta ce an ce ta riƙe makarantar 'yan mata kafin a ga abin da hali zai yi. Na ce, "Malama, an ba ki takarda?" Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, ai kwana biyu ne." Na ɗauko biro da farar takarda, muka zauna a rakuba muka rubuta tare. Ta kai, aka ce ta dawo, ta koma har sau uku. A zuwa na huɗu aka ba ta, da hatimi da kwanan wata. Ko kuɗin zai fito, wannan sai ƙarshen wata. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Sudan, Ya ba kowane mai gumi hakkinsa.