Tsinken saƙa da littafi a lokacin da zamani ya juya

Zancenmu na yau a kan abubuwa biyu ne masu araha: zaren saƙa da littafi.

Akwai canjin da mutum ke nema, akwai wanda ke iske shi har ɗaka ba sallama. A watan Janairu na 1994 an karya darajar kuɗin sefa, muka wayi gari jikka ta rasa rabin ƙarfinta a gaban kayan waje. A 2020 cutar korona ta sa an rufe makarantu da masallatai na wani lokaci. A 2023 an rufe iyaka da Najeriya, wutar lantarki da ke zuwa daga can ta yanke, sai a watan Maris na 2024 hanya ta buɗe. Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Ƙwanni ya san abin da watannin nan suka ci masa. A irin wannan hali jiki yana zaune, amma zuciya tana ta kai da kawowa a kan abin da ba ta da ikon gyarawa. Barci ya ƙi zuwa, faɗa ya yawaita cikin gida.

To, mene ne saƙa ke yi wa mai ita? Da farko tana tilasta ƙirga. Mace mai saƙa hular jariri tana ƙirga ɗauri a kowane layi, in ta yi sakaci ɗaya ya zame, rami ya fito. Hankali ba ya iya riƙe ƙirga da zullumi gaba ɗaya, dole ɗaya ya ba ɗaya wuri. Ga kuma hannuwa biyu suna maimaita motsi guda, sannu sannu, har numfashi ya daidaita. Wani likita na jami'ar Habad a Amurka, Herbert Benson, ya bayyana a 1975 cewa maimaita kalma ko motsi tare da kau da kai daga sauran tunani yana rage bugun zuciya. Iyayenmu mata da suka kwana kaɗin auduga da mazari ba su jira littafinsa ba, haka ma maza masu ɗinkin hula a gindin bedi.

A wani nazari da aka buga a 2013, wasu masu bincike a Birtaniya sun tambayi masu saƙa sama da 3,500 na ƙasashe dabam-dabam. Waɗanda suka fi yawan saƙa su ne suka fi cewa suna samun natsuwa. Sai dai mu lura, masu son saƙa aka tambaya, ba maƙiyanta ba. Ni dai abin da na fi yarda da shi shi ne wannan: aikin yana da ƙarshe da ido ke gani. Tsadar hatsi ba ta hannunki, amma safa tana hannunki, yau rabi, jibi ta cika. Kuma ba ado kawai ba ce. Jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, shi ya sa ungozomomi ke cewa a rufe masa kai, balle a hunturun Disamba da Janairu.

Littafi kuwa ta wata ƙofa yake shigowa. Saƙa tana tsare hankali wuri ɗaya, karatu yana fitar da shi yawo. Wanda ya buɗe Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga tun 1934, ko Magana Jari Ce, ya bar bashin kanti a bakin ƙofa na awa guda. Sabon ɗalibin yaƙi da jahilci ma ya fi kowa cin wannan riba, domin haɗa baƙi da wasali yana cinye masa hankali duka, kamar ƙirgar ɗauri. Kada ya ji kunyar bin layi da yatsa.

Kada a ce na ce saƙa tana cika rumbu ko tana warkar da ciwo. Wanda baƙin ciki ya hana shi ci da barci sati da sati, a kai shi likita, kada a miƙa masa zare a ce ya yi haƙuri.

Ga mai son farawa, ba sai da sabon zare ba. A sayi tsohuwar rigar sanyi a wurin ƴan bosho, a warware ta, a wanke zaren, a shanya, a dunƙule. A fara da abu ƙarami. Kowace ta rubuta yawan ɗauri da yawan layi cikin kayenta, ga darasin lissafi ya samu a ɓagas. In kun taru huɗu ko biyar bayan la'asar, ɗaya ta karanta shafi biyu da ƙarfi, saura suna saƙa, gobe wata ta karɓi littafin. Wadda ba ta ƙware ba a ba ta layi uku kawai, kada a yi mata dariya.

Sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin yadda ake auna kan jariri da igiya kafin a ɗora zare a tsinke. Kowace ta zo da kaye da fensir.