Kai Yara Makafi da Kurame Gidan Namun Daji

A ƙauyukanmu na Gaya da Ajingi, yaro makaho ko kurma ba safai yake wuce ƙofar gida ba. In an yi kaka, ƙungiyarku tana iya tara kuɗin mota a kai su gidan namun daji na Audu Bako a Kano, wanda aka buɗe a 1972. Ku yi sammako, gama in rana ta take namun kan kwanta. Makaho ya shafa ɗan maraƙi tun a gida, domin in ya ji rurin zaki a kwatanta masa girmansa. Kurma kuwa a riƙe hannunsa gam, ba zai ji kashedi ba. Makarantarsu tana nan kusa, a Tudun Maliki. Iyaye su leƙa.