Kyamarar ɗaurawa a jiki: Wacce za ta jure zafi, ƙura da ruwan Haɗejiya?

Mahayin da ya riƙe linzami da hannu ɗaya, waya da ɗaya, ya san yadda bidiyon sukuwa ke fitowa: sama, ƙasa, wuyan doki, sai kuma sama. A cikin kwale-kwale kuwa, fargabar kada wayar ta suɓuce cikin kogi ta fi son ɗaukar hoton ƙarfi.

Wannan ne ya sa matasa masu kilisa da masu su da masu tseren keke ke sha'awar 'yar ƙaramar kyamarar nan da ake ɗaurawa a ƙirji ko a goshi. Yawanci GoPro ake ce mata ko da wani kamfani ne ya ƙera, saboda kamfanin da Ba'amurke Nick Woodman ya kafa a 2002 shi ne ya fito da ita duniya. Yanzu DJI da Insta360 na ƙasar China na gogayya da shi.

Kayan ba na wasa ba ne. GoPro Hero 13 Black ta fito a 2024 kan kusan dala 400, DJI Osmo Action 5 Pro kuma kusan dala 350, kafin a sa kuɗin kati da ƙarin batir da maɗauri. Wanda zai fitar da wannan kuɗin ya kamata ya duba yanayin garinsu tukuna, domin tallan da ake gani a intanet a kan ƙanƙara da bakin teku ake yin sa.

Zafi ne babban abokin gaba

A watannin Afrilu da Mayu zafin Haɗejiya na haura digiri 40. Kamfanin GoPro kuwa ya ƙayyade cewa kyamarorinsa na aiki ne tsakanin digiri 10 ƙasa da sifili zuwa 35. DJI ya rubuta wa Osmo Action 4 har digiri 45. Wannan tazarar ta digiri goma ba ƙarama ba ce a nan.

Kyamarar ba ta da fanka a ciki, iskar da ke bugun jikinta ce ke sanyaya ta. Idan ta ɗau zafi sai ta kashe kanta don kada ta lalace. Shi ya sa wadda ke ƙirjin mahayi yana gudu ta fi daɗewa kan wadda aka kafa a sanda cikin rana ana jiran isowar tawagar Sarki. A 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo ƙarshen Maris, babba kuma farkon Yuni, wato hawan duka cikin zafi aka yi shi. Mai son ya ɗauki hawa daga fari har ƙarshe zai fi cin riba idan ya sauke ingancin hoton daga 4K zuwa 2.7K ko 1080p, ya kuma kashe allon gaba. Hoton ba zai munana a waya ba, batirin kuma zai ƙara jimawa.

Ya kamata batirin ya zama mai cirewa. A ƙauyukan Guri ko Kirikasamma ba kullum ake samun inda za a yi caji ba, batir biyu a aljihu sun fi alƙawarin da aka rubuta a kwali.

Ba ta jiƙewa, amma tana nutsewa

Hero 13 na jure zurfin mita 10 ba tare da wani gida ba, Action 4 mita 18, Action 5 Pro mita 20. Ga mai shiga fadamar Haɗejiya duk sun wadatar, bai kamata a ƙara ko kwabo saboda wannan lissafin ba. Ruwan kogin da damina ja ne, mai laka, babu abin da za a gani a ƙarƙashinsa ko da kyamarar ta fi kowacce tsada.

Abin da ba a faɗa a talla shi ne, idan ta faɗa ruwa ƙasa take yi. A mashigin da kachala ta toshe, ciyawar nan da ta mamaye hanyoyin ruwan yankin bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda kogin ke gudana, wadda ta faɗi ta tafi ke nan. Akwai rigar soso mai ruwan lemo da ake sa mata don ta yi iyo, akwai kuma igiyar da ake ɗaure ta da ita a jiki. Kuɗinsu kaɗan ne, su ne kuma ya kamata a fara saya. Shi kansa mai kyamarar, rigar kariya daga nutsewa ta fi kyamarar muhimmanci, ganin yadda haɗarin kwale-kwale ke cin rayuka a Jigawa kusan kowace damina.

Da hunturu kuma ƙura ce. Ana goge gilashin da bakin riga, yashi ya kankare shi. Don haka a tambaya ko murfin gilashin na cirewa a sauya, kamar yadda yake a sababbin GoPro da DJI. Kyamarori masu ɗaukar kowane ɓangare, irin su Insta360 X4, gilasansu a bulluƙe suke waje, faɗuwa ɗaya daga kan doki na iya gamawa da su.

Girgiza, da jabun 4K

Abin da ya raba ta gaske da ta banza shi ne hana girgiza. GoPro na kiran nasa HyperSmooth, DJI kuma RockSteady. Kasuwa cike take da masu araha da aka rubuta wa 4K ɓaro-ɓaro, alhali hoton ƙarami ne aka buɗa shi, kuma ko tafiyar ƙafa ba sa iya daidaitawa. Gwajin ba wuya: a shagon Farm Centre da ke Kano ko ma a ina, mai saye ya kunna ta, ya yi ɗan gudu na daƙiƙa ashirin, sannan ya kalli bidiyon a wayarsa, ba a ƙaramin allon kyamarar ba.

Wannan gwajin na tona wani abu kuma. Sababbin kyamarori na adana bidiyo a tsarin HEVC, wanda wasu ƙananan wayoyi ke sarƙewa wajen buɗe shi. Ga girman fayil: 4K mai nauyi na iya cin kusan megabayit 750 a minti ɗaya, awa guda ya kai gigabayit 45. Katin da ba shi da alamar V30 kan tsayar da ɗauka ana tsaka da yi, jabun kati kuma ya fi jabun kyamara yawa.

A kan doki, maɗaurin ƙirji ya fi na kai. Rawani ba ya riƙe kyamara, kuma kan mahayi ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Masu zuwa kallon tsuntsaye su dakata

Dausayin Baturiya da ke Kirikasamma na cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu tun 2008, kuma duk hunturu tsuntsaye na zuwa daga Turai su sauka a fadamun Haɗejiya zuwa Nguru. Mai niyyar ɗaukar su da irin wannan kyamarar zai sha takaici. Idonta a buɗe yake sosai, na DJI ya kai digiri 155, an yi shi ne don ya kwaso abin da ke kusa da faɗin fili. Tsuntsun da ke nesa da mita talatin ɗigo zai zama. Wannan aikin na kyamara mai dogon gilashi ne.

Faɗin idon na kwaso har abin da ba a nufa ba. A bakin kogi akwai mata masu wanki da yara masu wanka, kuma kyamarar da ke maƙale a ƙirji ba kowa ke lura tana aiki ba. Kafin a ɗora bidiyo a TikTok ko Facebook, sai an duba gefe-gefen hoton an yanke su.