Bikin rana a ƙasar Peru

Peru wata ƙasa ce a Amurka ta Kudu. Manyan duwatsun Andes sun ratsa ta daga arewa har kudu. Can bisa duwatsun akwai wani tsohon birni, sunansa Kusko. Shi ne babban birnin sarakunan Inka a zamanin da.

Kowace shekara, ran 24 ga watan Yuni, ana yin bikin rana a Kusko. Da harshen Kecuwa ana ce masa Inti Raymi. A lokacin da damina ke kamawa a Nijar, su can sanyi ne ake yi, yini kuma ya gajarce. Mutanen da suna tsoron kada rana ta tafi ta bar su da yunwa, sai su taru su roƙe ta ta komo. Bayan da Turawan Sipaniya suka ci ƙasar, sun hana bikin a 1572. Sai a 1944 aka tayar da shi, amma yanzu wasan kwaikwayo ne. Mutum guda yana shiga kayan sarki, a ɗauke shi bisa karaga, makaɗa da ƴan rawa suna biye. Baƙi daga ƙasashe da yawa suna zuwa kallo.

Watan bikin kaka ce a wurin manoma, an tone dankalin turawa. Ko da yake muna ce masa na turawa, asalinsa daga duwatsun nan ne. Ga yadda suke gasa shi a gona: su tara busassun hoge, su jera su kamar ƙaramin rumbu, su hura wuta a ciki. In hogen ya yi zafi jau, sai su zuba dankali, su rushe ginin a kansa, su rufe da ƙasa. Ba tukunya, ba ruwa. In an jima a tone, a ɓare, a ci da cuku da yaji. Sunan wannan gashi watiya.

Akwai kuma naman kuyi, wata ƴar dabba da ba ta kai zomo ba, wadda ake kiwo cikin gida. Baƙo yakan yi jinkiri kafin ya ɗanɗana, amma a wurinsu abincin girmamawa ne.

Kusko yana bisa tudu mai tsayin mita 3400, iskar wurin ba ta isar baƙo numfashi. Shi ya sa ranar da ya sauka ake ce masa ya huta, ya ci kaɗan, ya sha ruwa da yawa, gashin dankali sai gobe.