Daga Sawun Ɓarawo zuwa Teburin Alƙali: Yadda Shaida ke Tsira ko Salwanta a Ƙasar Rano da Kibiya

Binciken laifi a tsarin shari'ar Najeriya ya ginu ne a kan ƙa'idar da sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar, wato duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa a gaban kotu, kuma nauyin tabbatarwar yana wuyan mai gabatar da ƙara. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne alƙali ba ya yanke hukunci da abin da gari ya sani, ko da kuwa babba da yaro sun san shi, sai da abin da aka iya kawowa gabansa aka kuma nuna asalinsa. A mazaɓa irin Nariya ta ƙaramar hukumar Kibiya, da sauran ƙauyukan da ke kewaye da Rano a kudancin jihar Kano, inda manyan laifuka kamar kisa da fashi da fyaɗe sai an miƙa su ga sashen binciken manyan laifuka da ke hedikwatar 'yan sanda a Bompai cikin birnin Kano, makomar shari'a takan yanke tun kafin ƙwararren mai bincike ya iso, domin waɗanda ke fara isa wurin su ne maƙwabta da 'yan banga da mai unguwa, kuma abin da ƙafafunsu da hannayensu suka yi a sa'ar farko ba ya gyaruwa daga baya.

Ilimin binciken wurin da aka aikata laifi ya dogara ne a kan wata ƙa'ida da ake dangantawa da Edmond Locard, likitan da ya kafa ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Lyon na Faransa a 1910, wadda ke cewa duk lokacin da abu biyu suka haɗu, kowanne yakan bar wani abu a jikin ɗayan. Wanda ya haura katanga ya kwance sa a turke ya bar sawun takalminsa, wataƙila da zaren rigarsa a jikin ƙayar shinge, shi kuma ya tafi da ƙasar gidan a tafin takalminsa da gashin dabbar a jikin tufafinsa. Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa, domin masu bin sawu, waɗanda kan bi dabbar da aka sace daga turke har zuwa inda aka shigar da ita, da shi suke aiki tun kafin zuwan Turawa, kuma abin da suka fi ƙi shi ne a riga su tattake wurin. Amma ƙa'idar tana aiki a kan kowa, ba a kan mai laifi kaɗai ba: mutum talatin da suka shigo jaje sun bar sawu talatin a kan wanda ake nema, kuma wanda ya ɗauki wuƙar da aka yar domin ya nuna wa jama'a ya ɗora zanen yatsunsa a kan na wanda ya yi aika-aikar.

Saboda haka ne tsarin aiki ya ɗora wa ɗan sandan da ya fara isa wasu ayyuka a jere. Ceton rai shi ne kan gaba, ko da kuwa zai ɓata wata shaida, sannan a killace wurin da igiya ko da duk abin da ya samu, a rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa, a raba waɗanda suka ga abin da idonsu domin kada su haɗa labari har na kowa ya zama ɗaya. Ba a ɗaga komai sai an ɗauki hotonsa a inda yake, daga nesa da kuma daga kusa tare da ma'auni a gefensa, an kuma zana taswirar wurin da ke nuna tazarar kowane abu daga ƙofa ko bango. Mafi yawan wannan aiki ba ya buƙatar na'ura mai tsada, waya mai kyamara da awon tela da littafin rubutu sun isa, abin da ya fi wuya shi ne hana dangi da masu faɗa a ji shiga inda ɗan'uwansu yake kwance.

Yanayin yankin ma yana da nasa hukuncin. Ruwan sama guda na watan Agusta ya isa ya shafe sawu da jini daga gona, iskar hunturu tana binne su da ƙura, zafin bazara kuwa, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana gaggauta ruɓewar duk abin da ya fito daga jikin mutum. A nan ne ake yawan yin kuskuren da ya fi kowanne sauƙin kaucewa, wato a ƙunshe riga mai jini a cikin leda. Leda tana riƙe danshi, danshi da zafi kuma suna raya ƙwayoyin cuta da fumfuna masu lalata sinadarin gado da ake kira DNA, wanda shi ne ke bambanta jinin wani da na wani. Ƙa'ida ita ce a shanya tufafin a inuwa ya bushe, a sa kowanne dabam a cikin takarda ko ambulan, a manne bakin, a sa hannu a kan mannin.

Batun gawa ya fi kowanne nauyi, domin a nan ne buƙatar bincike ke karo da abin da Musulmi ya ɗauka haƙƙin mamaci ne, wato a gaggauta yi masa sutura. Gawa tana ɗauke da bayanan da ba a samu a wani wuri: sandarewar gaɓoɓi, wadda kan fara 'yan sa'o'i bayan mutuwa, tana taimakawa wajen ƙiyasta lokacin da rai ya fita, inda jini ya kwanta a ƙarƙashin fata yana nuna ko an juya gawar ko an ɗauko ta daga wani wuri, siffar rauni kuma tana nuna irin makamin. Da zarar an yi wanka an binne, lauyan wanda ake tuhuma yana da damar tambayar abin da ya tabbatar da cewa dukan ne ya yi kisa ba wata cuta ba. Kotunan Najeriya sun yarda cewa ba kullum ake buƙatar rahoton likita ba, musamman idan mutum ya faɗi nan take a gaban shaidu, amma idan ya yi kwanaki yana jinya, ko ya mutu a hannun hukuma, rashin rahoton yakan rushe ƙarar. Iyalai da yawa kan ce sun bar wa Allah, kuma babu mai ganin baikensu, sai dai galibi ba a bayyana musu cewa wannan zaɓi na iya zama sanadin sakin wanda suke zargi.

Yana da kyau a lura cewa hukunci da alamar zahiri ba baƙon abu ba ne a fiƙihun da alƙalan ƙasar Kano suka gada. Malamai suna kiran irin wannan hujja ƙarina, wato alamar da ke nuni ga gaskiya ba tare da wani ya gani da ido ba, kuma sukan kafa hujja da ƙissar Annabi Yusuf, inda yagewar rigarsa ta baya ta wanke shi daga zargi. Ibn Farhun, malamin mazhabar Malikiyya, ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa Tabsiratul Hukkam, haka ma Ibnul Ƙayyim a nasa littafin kan hanyoyin hukunci. Mai wa'azin da ya ce wa jama'a kada su taɓa rigar mamaci har hukuma ta zo bai fita daga wannan gado ba.

Binciken gida kuwa yana da nasa dokokin, domin sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin gidan kowane ɗan ƙasa. A bisa ƙa'ida sai da takardar izini, wadda alƙali ko majistare ke bayarwa bayan an yi masa bayani a rubuce bisa rantsuwa, kuma takardar tana fayyace gidan da za a shiga da abin da ake nema. Tsohuwar dokar bin kadin laifuka ta Jihar Arewa ta 1960, wadda aka yi aiki da ita a Kano shekaru da dama kafin jihar ta yi sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2019 bisa tsarin ta tarayya ta 2015, ta tanadi a yi binciken a gaban mutum biyu masu mutunci daga cikin maƙwabta, a rubuta jerin duk abin da aka ɗauka su sa hannu. Ta kuma yi la'akari da kulle, inda ta ce a sanar da matar da bisa al'ada ba ta fita bainar jama'a, a ba ta damar kaucewa kafin a shiga, kuma mace ce kaɗai ke laluben jikin mace. Dokar tarayya ta 2015 ta riƙe waɗannan tanade-tanade. Akwai kuma al'adar aiki mai kyau da ba kowane magidanci ya san da ita ba, wato jami'an su bari a lalube su a zaure kafin su shiga, domin kada daga baya a ce su suka shigo da abin da aka samu.

Sai dai karya waɗannan ƙa'idoji ba ya nufin kotu za ta yi watsi da abin da aka samo. A shari'ar Musa Sadau ta 1968, inda aka yi ƙorafin cewa an bincike gida ba bisa ƙa'idar maƙwabta biyu ba, Kotun Ƙoli ta ce shaidar karɓaɓɓiya ce muddin tana da alaƙa da tuhumar. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 14 da na 15, ta ba alƙali ikon auna amfanin shaidar da munin hanyar da aka bi aka samo ta. Wannan sassauci yana da illa, domin jami'in da ya san cewa kuskurensa da wuya ya ɓata ƙara ba shi da abin da zai sa ya wahalar da kansa neman shaidu. A kan hanya kuwa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce shekarun mutum, ko askinsa, ko irin shigarsa ba su isa dalilin tsayar da shi a lalube shi ba.

Bayan an ɗauki abu, sai a shiga matakin da ya fi kowanne gundura kuma ya fi kowanne kashe ƙararraki, wato tsare silsilar hannayen da abin ya bi. Dole a iya nuna wanda ya ɗauke shi, da wanda ya karɓa a caji ofis ya rubuta shi a rajistar kayan shaida, da wanda ya kai shi Bompai, da wanda ya kai shi gwaji ya dawo da shi, kowane mataki da kwanan wata da sa hannu. Idan aka sami giɓi guda, lauya zai ce ba a tabbatar addar da ke gaban kotu ita ce aka tsinta a gonar ba. Wayar salula ma haka take, kuma sashe na 84 na dokar shaida ya ƙara sharaɗin a kawo takardar da ke tabbatar da lafiyar na'urar da aka ciro bayanin da ita. Nisan ɗakunan gwaji yana ƙara tsawaita silsilar: cibiyar gwajin DNA da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 tana can kudu, kuma an lalata ta a wata tarzoma da aka yi a watan Oktoban 2020.

Idan duk wannan ya salwanta, abin da ke saura a hannun mai bincike shi ne bakin wanda ake zargi, kuma daga nan ne duka ke shigowa cikin bincike. Amsa laifi ba ta da tabbacin da ake zato. A yankin Leicestershire na Ingila, wani matashi ɗan shekara 17 ya amsa cewa shi ya kashe wata yarinya a 1986, amma gwajin DNA da Alec Jeffreys ya ƙirƙiro a 1984 ya nuna ba shi ba ne, kuma a 1988 aka yanke wa ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, hukunci. A Najeriya, sashe na 29 na dokar shaida ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da azabtar da wanda ake tsare da shi laifi, dokar 2015 kuma ta tanadi a ɗauki bayanin a bidiyo ko a gaban lauya, tanadin da Kotun Ƙoli ta ƙarfafa a hukunce-hukuncenta na 2023 da 2024. Ƙarar da aka gina a kan iƙirari kaɗai takan ɓata watanni a wata ƙaramar shari'a ta gano ko da son ransa ya yi maganar, kuma tana iya rushewa gaba ɗaya.

Garin Rano ya ga inda rashin yarda tsakanin jama'a da masu bincike ke kaiwa. A ƙarshen watan Mayu na 2025, wani matashi da 'yan sanda suka kama ya rasu bayan an kai shi babban asibitin garin, mazauna suka yi zargin duka ne ya kashe shi, taron jama'a ya afka wa caji ofis ya cinna wa wani sashensa da motoci wuta, shugaban ofishin kuma ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sakamakon raunukan da aka ji masa. Tambayar abin da ya kashe matashin tambaya ce da binciken gawa, da littafin da ake rubuta shiga da fitar waɗanda ake tsare da su, da bayanan waɗanda ke ɗakin tsarewa a daren za su iya amsawa, kuma irin waɗannan takardu a caji ofis ake ajiye su, tare da rajistar kayan shaida na wasu ƙararrakin da ba su da alaƙa da rikicin. Dokar 2015 ta tanadi babban majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kame, ya ga waɗanda ake tsare da su, ya kuma ba da beli inda ya dace, kundin tsarin mulki kuma ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, tazarar da ta haɗa kusan duk ƙauyukan Kibiya da Rano.