Shin Ko Kun San? Gobirawa Jikokin Mutanen Dutse Ne

Shin ko kun san akwai mutanen da ke tara kuɗi shekara guda cur don su je su wahala? Ba neman abinci ba, ba fatauci ba. Mutum ya ɗauki hutu, ya saɓa jaka, ya kama hawan dutse har ƙafa ta yi bororo. Wani kuma keke zai hau, ya yi ta fama da tudu daga hantsi har la'asar. In ya dawo gida ya ce ya huta! A Kamarawa, ko Isa, ko Sabon Birni, wanda ya faɗi haka a majalisa sai an taɓa goshinsa a ji ko zazzaɓi ne. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Fadama, jigawa, gulbi. Tsayinta daga teku bai wuce mita 300 da 'yan kai ba.

To amma ku tsaya. Kun san daga ina Gobirawa suka fito? Daga cikin duwatsu! Tarihi ya nuna kakannin Gobirawa sun zauna a Azbin, arewacin Nijar ta yau, kafin su gangaro kudu sannu a hankali, su zauna Birnin Lalle, daga baya su kafa Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808. Kufanta na nan kusa da Sabon Birni. Wato Bagobirin da ke mamakin mai hawan dutse, kakansa yake yi wa dariya bai sani ba.

Kuma Azbin ɗin ba ƙananan duwatsu ba ne. Faɗin yankin ya kai murabba'in kilomita 84,000. Jihar Sakkwato sau uku ke nan, har da ragowa! Can ne dutse mafi tsayi a duk ƙasar Nijar yake, Idukal-n-Tages, mita 2,022, a kan tsaunin Bagazam. I, Bagazam ɗin nan dai da ake jingina wa dokin nan na Azbin da sarakuna ke alfahari da shi. A saman tsaunin akwai ƙauyuka, akwai lambuna, akwai mutanen da ƙafa da jaki ne abin hawansu. Abin da baƙo zai biya kuɗi ya yi sau ɗaya a rayuwarsa, su shi ne hanyar cin kasuwa.

Kun taɓa jin lemu da rumman a tsakiyar Sahara? Ku je Timiya. Gari ne a lungun duwatsun Azbin, ga dabino, ga lemu, ga inabi, har da ruwa mai zubowa daga kan dutse. A gabashin duwatsun kuwa rairayi ne iyakar ganin ido.

Can yamma da duwatsun, a wani wuri da ake kira Dabus, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse. Babban ya haura mita 5. Masana sun ce aikin ya yi dubban shekaru. Raƙumin dawa a inda yau ko ciyawar kirki babu! Wanda ya zana shi kuwa da idonsa ya gan shi, don ko zanen fatar bai kuskure ba.

Ga wani labarin da ya kamata kowane yaro a Isa ya sani. Kun san Abdulkarim, wato Bajamushen nan Heinrich Barth? A 1850, yana kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Hausa, ya ga wani dutse kusa da Gat, a Libiya ta yau. Idinen sunansa. Buzaye suka ce masa gidan aljannu ne, kada ya kuskura. Ya ƙi ji. Ya hau shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa. Ƙishi ya kai shi ga tsaga jijiyar hannunsa ya tsotsi jininsa! Sai washegari wani Buzu ya tsince shi kwance, rai a hannun Allah.

Kun zata ya daddara? Ina! A 1853 sai ga shi nan ƙasarmu, yana keta dajin Gundumi zai je ganin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ayarinsu ya yi tafiyar awa 26 ba zango, don babu ruwa, ga kuma tsoron hari. Awa 26! Abin takaici dai, shekara 170 da wani abu bayan nan, har yau in aka ce Gundumi gaban matafiyi faɗuwa yake. Wannan ne ma ya sa zancen yawon shaƙatawa a kan keke a hanyoyinmu ya zama sai dai a ji a rediyo. Allah Ya kawo mana ƙarshen abin.

Yanzu ku riƙe hularku. Ƙasar Sakkwato teku ce a da! A yankin Goronyo, nan mai madatsar ruwa, masu bincike sun tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai dogon baki da haƙora birjik, wadda suka ce ta rayu shekara miliyan 66 zuwa 70 da suka wuce. Har sunan garin suka laƙaba mata, Goronyosaurus. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, ita ma ragowar halittun wancan tekun ce.

To me ya haɗa wannan da hawan dutse? Ku ji. Dutsen da ke can ƙololuwar Everest, wuri mafi tsayi a doron ƙasa, shi ma irin wannan farin dutsen ne, kuma akwai ragowar ƙananan halittun teku a cikinsa. Ƙasan teku ne ya tashi sama! Mai hawan Everest da mai haƙar rijiya a Goronyo, duk gindin teku suke taɓawa.

Tsayin Everest mita 8,848.86 ne. Haka Nepal da Sin suka sanar tare a 2020, har da ɗigo takwas da shida ɗin. Ku ɗauki Dutsen Zuma, wancan na jikin naira ɗari, wanda ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi. Ku ɗora irinsa kusan 30, wani kan wani. Sannan kun kai. Kuma wai har yanzu ƙaruwa yake, 'yan milimita kowace shekara.

Ranar 29 ga Mayu 1953 aka fara taka samansa: Edmund Hillary ɗan Niyu Zilan da Tenzing Norgay, Basharpe, wato ɗan ƙabilar mazauna yankin dutsen. Kun san minti nawa suka yi a can? Kimanin 15. Makonni ana hawa, rubu'in awa ana tsaye! Yau kuwa akwai wani Basharpe, Kami Rita, da ya hau fiye da sau 30. Shi sana'arsa ce, jagora ne. A ganina su ne jaruman gaske, masu ɗaukar kaya da ɗaura igiya, amma hoton mai kuɗin ne ke shiga jarida.

Takardar izinin hawa kawai dala 15,000 ce daga ɓangaren Nepal. Izini fa kawai. Ba abinci, ba tanti, ba tukunyar iskar shaƙa, ba ladan jagora.

Masu shayi, wannan naku ne. A saman Everest ruwa kan tafasa a wajen digiri 70, ba 100 ba. Buta na ta ɓararraka, shayi bai nuna ba! Iskar da mutum ke shaƙa a can kuwa kashi ɗaya cikin uku ce ta wadda muke samu a nan. Daga mita 8,000 zuwa sama jikin mutum ba ya sabawa, sai dai ya yi ta lalacewa. Sama da mutum 300 sun rasu a dutsen, kuma gawarwaki da yawa na can har yau, don sauko da su ma kasada ce.

Kun san kowace mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi? In Isa na digiri 42 a watan Afirilu, ana neman inuwa ana fifita, mutumin saman Bagazam yana da rangwamen wajen digiri 11. Shi ya sa Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, ke da ƙanƙara a kai alhali yana dab da tsakiyar duniya. Sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar ta narke tun daga 1912. Yawancin masu hawansa kwana 5 zuwa 9 suke yi. Wani Karl Egloff a 2014 ya hau ya sauko cikin awa 6 da minti 42. Ya bar gida bayan asuba, ya dawo cin abincin rana!

Alhazai, ku ma fa kuna cikin lissafi. Duk wanda ya hau Jabalun Nur ya kai kogon Hira, ya taka dutse mai mita 640 da 'yan kai. Tsofaffi mata da silifas na hawansa, ba sandar ƙarfe, ba takalmin dubu ɗari. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, sau bakwai ɗin nan, ya kai wajen kilomita 3.

A gida Najeriya fa, wane dutse ya fi tsayi? Ba Zuma ba ne. Ba Aso ba ne. Cappal Waddi ne, a Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Mita 2,419. Ya ɗara na Nijar da kusan mita 400. A maƙwabtansa tsaunin Mambila yake, inda ake noman ganyen shayi, shanun Fulani na kiwo cikin hazo, mutane na kwana da bargo. Duwatsun Shere na Jos kuma mita 1,829.

Dalar Kano mita 534 ce, amma daga teku aka auna, kada Kanawa su cika baki. Tarihin Kano ya ce a samanta Barbushe ke zaune, ba ya saukowa sai lokacin bikin tsafinsu. Zariya na da Kufena. Zamfara na da Kwatarkwashi, wanda ke tsaye ƙiƙam a gefen hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Sukur kuwa, can cikin duwatsun Mandara a Adamawa, mutanenta shimfiɗa hanya suka yi da duwatsu har saman tsauni, kuma ita ce wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1999.

Kamaru ba su tsaya ga hawa ba, tsere suke yi. Daga garin Buya a ruga har saman Dutsen Kamaru, mita 4,040, a juyo a ruga ƙasa. Dutsen kuma mai aman wuta ne, ya yi a 1999, ya sake a 2000! Wata mata, Sarah Etonge, ta ci tseren sau 7. 'Ya'yanta ma 7.

Sai keke. Namu dai kun san shi: Rali mai kariya, a ɗaure masa buhun gero, a rataya galan biyu, yaro ya zauna a kan ƙarfe, a nufi kasuwar Shinkafi. Na 'yan tsere kuwa, doka ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8. Kun ji? Ba a tsoron ya yi nauyi, tsoro ake kada ya cika sauƙi! Da yatsa biyu ake ɗaga shi, amma kuɗinsa sai ya sayi mota. In suna gangarowa daga dutse wasu kan haura kilomita 100 a awa, a kan taya mai kaurin babban yatsa.

Gasar keke ta Faransa, wadda aka fara a 1903, mako uku ake yi, zango 21, wajen kilomita 3,500. Akwai wani hawa, Alpe d'Huez, mai lanƙwasa 21 a cikin kilomita 13.8 kacal. A 2024 Biniam Girmay ɗan Iritiriya ya ci zango 3, ya tafi da koriyar rigar wanda ya fi tara maki. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a gasar. Ba abin mamaki ba ne sosai: Asmara, inda ya taso, tana kan mita 2,300 da wani abu. Huhunsa ya saba da ƙarancin iska tun yana goye.

Kusa da mu ma ana yi. Burkina Faso na da tata gasar tun 1987. A Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar keken titi ta duniya, karo na farko a Afirka. Tseren maza kilomita 267 da rabi ne, jimillar hawa sama da mita 5,400. Mutum 165 suka tashi, 30 kaɗai suka ƙarasa! Tadej Pogacar ya ci. Najeriya kuwa sai 2024 ta fara tura mai keke gasar Olamfik, Ese Ukpeseraye, kuma a tseren cikin fili da keken aro daga tawagar Jamus ta fafata.

Maƙera, ku matso, na ƙarshen naku ne. A gasar Faransa ta 1913, Eugène Christophe na gangarowa daga Turmale, wani mashigin dutse mai mita 2,115, sai ƙarfen da ke riƙe tayar gaban kekensa ya karye. Dokar lokacin ta hana kowa taimaka wa ɗan tsere. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya gangaro da ƙafa wajen kilomita 10, har ya sami maƙera a wani ƙauye. Ya ɗauki masaba da awartaki, ya shiga ƙira da kansa, alƙalan gasa na tsaye a kansa suna kallo. Awanni suka tafi. Ya gama, ya hau, ya ƙarasa zangon. Sai alƙalai suka ci shi tarar mintuna. Laifinsa? Wani yaro ya yi masa zuga!