Gaya: Gari, Kogi da Fadamar da ke Tsakaninsu

Nijar ba ta da teku, amma tana da gaɓa, kuma a Gaya ta jihar Doso tambayar da ke damun biranen bakin teku ita ce ke damun hukuma: ina za a yi gini, ina za a bar wa ruwa? Garin yana bakin Kogin Kwara, wanda Zabarmawa da Dandawa ke kira Isa. Gadar da aka gina a 1958 ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana nan kusa ta gabas. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar Kwatano sun daɗe suna bi ta nan har zuwa 2023, suka jawo rumbunan ajiya da tashoshi da baƙi, filin gini ya yi tsada.

Kogin yana cika sau biyu a shekara. Jan ruwa yana zuwa a Agusta da Satumba, daga ruwan saman yankin. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya yi watanni a fadamun Mali, sai cikin hunturu ya iso. Idan ruwa ya malala cikin fadama ƙarfinsa yana raguwa, ya ajiye laka mai taki, ya jiƙe ƙasa har rijiyoyi su samu. A cikin ciyawar burgu kifi ke zuba ƙwai, ƙananan su ɓuya har su yi ƙwari. Da ruwa ya janye, makiyaya su shigo da shanu su ci burgun da rani. Wannan aiki ne da fadama ke yi ba lada, shi ya sa ba a cika sa shi cikin lissafi ba sai an rasa shi.

Noman rani ma yana da hujjarsa. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, tana kula da filayen shinkafa na ban ruwa irin na ƙauyen Tara, inda ake girbi sau biyu a shekara. Sai dai kowace ganuwar ƙasa da aka tayar don kare shinkafa tana raba kogi da fadamarsa. Ruwan da aka tare ba ɓacewa yake yi ba: yana tafiya ƙauyen da ke ƙasa, ko ya tsallaka ɗaya gaɓar. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun ci gidaje da gonaki a kwarin kogin, kuma inda ganuwa ta ɓalle ɓarnar takan fi tsanani, domin mutane sun saki jiki sun zauna a bayanta.

Giginyar kwarin Dallol Mauri, a yankin Gaya, ta nuna wata hanya. Azararta ba ta jin gara, don haka aka yi ta sara ana kai wa birane har dajin ya fara ƙarewa, duk da tsaron ma'aikatan gandun daji. A shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwizalan, aka sa ƙauyuka cikin kula da ita, suna samun rabo daga kuɗin azara. Manomin da ke cin moriyar muruci da 'ya'yan giginya, yana kuma shuka gero a ƙarƙashinta, shi ne ke hana a tumɓuke ɗan tsiro. A 2004 aka sa Dallol Mauri cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, bayan wani yanki na kwarin kogin ya riga ya shiga a 2001.

Suna a takarda bai hana kowa cike tafki ya kafa bulo ba. Abin da ke hanawa shi ne taswirar gari da ta shata iyakar ambaliya, ta tura sababbin unguwanni kan tudu, ta bar burtali da mashaya, sannan a zauna da sarkawa da makiyaya kafin a ja ganuwa. Tunda Gaya da Malanbil ruwa ɗaya suke sha, tsayin ganuwar kowace gaɓa magana ce ta ƙasashe biyu, kuma dukansu suna cikin Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe tara, wadda hedkwatarta ke Yamai.